Toka Ba Taki Ba Ce

Da bazara ta kawo kai, daga Tsafe zuwa Gusau, daga Bungudu zuwa Karakkai, hayaƙi ne ke tashi a gonaki. An tattara tushiya da ragowar kara an cinna musu wuta. In ka yi magana a ce sharar gona ake yi, ai toka ma taki ce, sauran kuma buhun NPK zai cike. Wannan ra'ayi ya zauna daram, kuma shi ke cinye mana ƙasa.

Kusan rabin nauyin busasshen karan dawa sinadarin kabon ne. Ba daga buhu ya fito ba. Ganye ne ya zuƙo shi daga iska, hasken rana ya haɗa shi da ruwa, ya zama kara da zangarniya. Mu kanmu kusan kashi 18 cikin 100 na nauyin jikinmu shi ne, ta tuwo ya shigo. Idan kara ya ruɓe a gona, gara da tana da ƙwayoyin da ido ba ya gani su ke ci, su mayar da shi baƙar ƙasa mai riƙe danshi da taki. Damƙi ƙasar gindin gawo, ka damƙi ta tsakiyar gonar da ake ƙonawa duk shekara: ta farko za ta dunƙule, ta biyu ta zurare ta tsakanin yatsu.

Wuta tana mayar da aikin damina guda sama kafin la'asar, har da naitirojin ɗin da aka saya da tsada. 'Yar tokar da ta rage iska ke kwashewa. Taki a irin wannan rairayi zuba ruwa ne a kwando.

Za a ce tsutsar kara tana yin rani a cikin kara. Gaskiya ne, amma maganinta ba wuta ba ne, a ba dabbobi karan su ci, a dawo da kashinsu gona. Da can shanun Fulani ke wannan aiki bayan kaka. Rashin tsaro ya yanke wannan hulɗa a Zamfara, gonaki na biyan kuɗin.

Al'ada tana sauyawa: a Maraɗi, tun wajen 1983 manoma suka fara barin tohon itatuwa suna yi masa sassabe maimakon tumɓukewa, miliyoyin hekta suka farfaɗo a kudancin Nijar. Gwamnatinmu da ke taron rabon buhun taki kowace damina, ya kamata ta tura malaman gona ƙauyuka da rani, kafin a kyasta ashana.