Daga Mayo-Oulo zuwa Garwa: Me ƙwallo za ta iya yi wa waɗanda ambaliya ta ɗaiɗaita?

A arewacin Kamaru, abubuwa biyu ne ke haɗuwa a watan Agusta. Lokacin ne ake tsakiyar gasar ƙwallon hutun makaranta, wadda matasan unguwanni da ƙauyuka ke jira duk shekara, kuma lokacin ne rafuka ke cika su fara cin gonaki da gidaje. Sau da yawa filin da aka taru ana sowa a farkon wata, kafin ƙarshensa ya zama tafki, ko ya zama wurin da waɗanda gidajensu suka rushe suka kafa bukkoki. Wannan ne ya sa tambayar ta dace: idan ruwa ya janye, wace rawa wasanni za su iya takawa wajen tayar da al'umma, kuma ina iyakarsu?

Ruwan ba daga Lagdo kaɗai yake zuwa ba

Duk sanda aka yi ambaliya a kwarin Binuwai, sunan da ake fara kira shi ne Lagdo, madatsar da aka kammala a 1982 a kudu da Garwa. Akwai dalili. A 2012, bayan an buɗe ƙofofinta, ruwa ya mamaye ƙauyukan bakin kogi a Kamaru, sannan ya gangara Najeriya, inda hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce ambaliyar wannan shekara ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan 2 da muhallinsu. Madatsar Dasin Hausa, wadda aka tsara ginawa a jihar Adamawa domin ta tare ruwan da Lagdo ke saki, har yanzu ba a kammala ta ba.

Sai dai mutumin Mayo-Oulo ya san labarin bai tsaya nan ba. Garinsa yana cikin yankin Mayo-Louti, a gindin duwatsu, dab da iyakar Najeriya ta wajen Mubi, nesa da hanyar ruwan Lagdo. Abin da ke damunsa shi ne mayo, wato rafin da ke bushewa ƙurmus da rani har yara su buga ƙwallo a cikin yashinsa, amma idan aka yi ruwa a kan dutse sai ya taso cikin sa'o'i kaɗan, ya yanke hanya, ya raba ƙauye da kasuwa da asibiti. Ruwan wannan yanki yana bin Mayo-Louti ya faɗa Mayo-Kebbi, shi kuma ya haɗu da Binuwai a ƙasa da Lagdo, kafin Garwa. Ke nan ko ba a buɗe madatsa ba, Garwa da Yola suna iya samun ruwan da babu mai ƙofar rufe shi.

Shekarar 2024 ta nuna girman matsalar. A jihar Arewa Mai Nisa ambaliya ta shafi dubban ɗaruruwan mutane, gadar Yagwa ta karye a watan Satumba. A cikin watan ne madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, gwamnatin Nijar kuma ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A Chadi, waɗanda abin ya shafa sun kusa miliyan 2. Bahaushen da ke da ɗan'uwa a Garwa, ƙanwa a Mubi, abokin ciniki a Maraɗi, jajen shekarar nan ta kowace kusurwa ya yi shi.

Abin da ƙwallo take nufi a Garwa

Babu wani abu da ke haɗa Bafulatani da Bahaushe da Bafali da Bagidar a benci ɗaya kamar Coton Sport. An kafa ƙungiyar a 1986 a ƙarƙashin kamfanin auduga na Sodecoton, ta kuma lashe gasar lig ta ƙasar fiye da kowace ƙungiya, har da Canon ta Yawunde. A 2008 ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, inda Al Ahly ta Masar ta doke ta. A cikinta Vincent Aboubakar ya taso kafin ya tafi Faransa a 2010. Shi ne ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017, shi ne kuma ya zura wa Brazil a Qatar a 2022.

Gasar kofin Afirka ta farkon 2022 ta ƙara nuna wani abu. Da aka ajiye rukunin Najeriya a filin Roumdé Adjia, 'yan kallon Garwa sun karɓi Super Eagles tamkar 'yan gida, tun daga ranar 11 ga Janairu da suka doke Masar da ci ɗaya, har ranar da Tunisiya ta fitar da su. Iyakar da Turawa suka shata ba ta hana zumunci aiki ba. Wannan zumunci jari ne, kuma jarin da ake iya amfani da shi a ranar wuya.

Darasi daga Amurka da Maroko

Misalin da aka fi kawowa a duniya shi ne birnin New Orleans na Amurka. A watan Agustan 2005 guguwar Katrina ta fasa shingayen ruwa, ta nutsar da mafi yawan birnin, fiye da mutum dubu ɗaya suka mutu. Babban filin wasa na Superdome ya zama mafakar dubban mutane. Da aka sake buɗe shi a ranar 25 ga Satumba, 2006, ƙungiyar garin, Saints, ta yi nasara a daren, kuma a 2010 ta ɗauki kofin ƙasar. Mutanen birnin har yau suna ambaton wannan dare a matsayin ranar da suka ji garinsu bai mutu ba.

Amma ƙidayar jama'a ta faɗi wata magana dabam. Birnin da ke da mutum wajen 484,000 a shekarar 2000, ya koma kusan 344,000 a 2010. Unguwannin talakawa baƙar fata, irin su Lower Ninth Ward, sun daɗe kango bayan an gama gyara filin wasa. Murna ta dawo, mutane da yawa ba su dawo ba.

A Maroko kuwa, bayan girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba, 2023, an ɗage wasan ƙasar da Laberiya, 'yan wasan suka tafi ba da jini a Agadir. Hotunansu sun ja jama'a zuwa cibiyoyin karɓar jini. A nan an juya farin jinin ɗan ƙwallo zuwa abin da majinyaci ke bukata a ranar. Bambancin misalan biyu shi ne ma'aunin da ya kamata mu riƙe: wasa yana da amfani idan ya kai mutane ga aiki, yana zama rufa-rufa idan ya tsaya a hoto da jawabi.

Inda gizo ke saƙa

A watan Satumban 2012 shugaba Paul Biya ya ziyarci waɗanda ambaliya ta shafa a arewa, ya yi alkawarin gina shingen ruwa mai hanya a kansa, na kilomita 330, daga Gobo zuwa Kusseri. Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 108 aka gyara madatsar Maga da wani sashe na shingen kogin Logone, amma dogon shingen da aka yi alkawari bai tabbata ba lokacin da ruwan 2024 ya zo. Wanda ya ga haka yana da hujjar yin shakka idan wani babba ya zo ƙauye da kofi da riguna goma sha ɗaya, ya ce ya zo share hawaye.

Ga kuma manomin auduga, wanda guminsa ne ke riƙe da Sodecoton, ta nan kuma ya riƙe Coton Sport. Taki da maganin feshi bashi yake karɓarsu, kuma 'yan ƙungiyarsa ne ke tsaya wa juna. Idan ruwa ya kwanta a gona, auduga ta tafi, bashin yana nan. Cin wasa ranar Lahadi zai sa shi dariya, ba zai rage masa ko dala ba.

Abin da za a iya yi da abin da ke hannu

Kwamitocin gasar hutu suna da abin da hukumomin agaji ke wahalar samu: sun san kowane matashi da sunansa da unguwarsu, suna da lambobin waya, kuma idan sun kira ana zuwa. Magajin gari da lamido za su iya sa sharaɗi cewa duk ƙungiyar da za ta shiga gasa sai ta yi yini guda na gayya, ta yashe magudanar ruwa ko ta cika buhunan yashi. Kyaftin ɗin kowace ƙungiya zai iya zama mai isar da gargaɗi idan an ga ruwa ya taso a kan dutse. Bayan ambaliya, hannayen nan ne za su buga tubali su tayar da katangar gwauruwa da tsoho, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Coton Sport za ta iya ware wasa ɗaya a shekara, kuɗin ƙofa ya tafi ga waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna, a karanta lissafin a rediyo da Fulatanci da Hausa da Faransanci don kowa ya ji inda kuɗin ya shiga. A kuma tuna da mata, waɗanda su ne ke kwana da yara a ajin makaranta idan gida ya faɗi, amma ba kasafai ake ganinsu a wurin rabon kaya ba.

Hausawan yankin suna da nasu aikin na musamman. Su ne ke da 'yan'uwa a kasuwannin ɓangarorin biyu, kuma wayar ɗan kasuwar Garwa takan riga takardar hukuma isa Yola. Wasan sada zumunci tsakanin matasan Mayo-Oulo da na Mubi, ko na Garwa da na Yola, zai fi amfani idan an tashi daga shi da jerin mutanen da za a kira cikin dare idan kogi ya fara hawa. Wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi daga Yawunde ko Abuja, kuma ana iya fara shi kafin damina mai zuwa.