Ƙafa 35 Ba Ta Ishi Kowa Ba: Raddi Kan Dokar Turakun Eriya a Unguwannin Amurka

Shekara arba'in ke nan ana wata muhawara a garuruwan Amurka wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A gefe guda akwai masu rediyon sha'awa, mutum sama da 700,000 da suka ci jarrabawa, Hukumar Sadarwa ta Tarayya, wato FCC, ta ba su lasisin kafa tasha a gida suna magana da takwarorinsu na duniya, ba don kuɗi ba. A ɗaya gefen akwai wasu majalisun garuruwa da maƙwabta masu ganin turken ƙarfe mai ɗauke da eriya ba shi da muhalli a inda mutane ke kwana. Matsayin waɗannan na biyun shi ne: dokar tsara gari ta ƙayyade tsayin gini a unguwa, galibi ƙafa 35, to eriya ma ta tsaya nan, kowa ya huta. Magana ce mai daɗin ji, amma ba ta jure bincike. Ga hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya, da amsar kowace.

Hujja ta farko. Suka ce tsara unguwa hurumin gari ne, gwamnatin tarayya ba ta da ta cewa. Suna dogara da hukuncin Kotun Ƙoli na 1926 a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohayo, wanda ya tabbatar wa garuruwa ikon ware wurin zama daga wurin masana'antu.

Rabin wannan magana gaskiya ne. Ƙasa ta gari ce, amma zangon rediyo yana hannun tarayya tun dokar 1912, kuma dokar sadarwa ta 1934 ce ta kafa FCC ta danƙa mata shi. Turken eriya yana tsaye a inda hurumin biyu suka haɗu. Shi ya sa a watan Satumba na 1985, bayan ƙorafin ƙungiyar masu rediyon ta ARRL, FCC ta fitar da hukuncin da ake kira PRB-1, daga baya ta shigar da shi cikin ƙa'idojinta. Hukuncin ya bar wa gari ikon tsara tsayi da mazauni da shinge saboda lafiya ko tsaro ko kyan gani, bisa sharuɗɗa: kada dokar ta toshe sadarwar baki ɗaya, ta sama mata wuri gwargwadon hankali, kuma ta zama mafi ƙarancin takurawar da za ta biya buƙatar garin. Wanda ya ce an ƙwace wa gari iko bai karanta hukuncin ba. Abin da aka hana shi ne ya yi amfani da dokar gini ya soke lasisin da ba shi ya bayar ba.

Hujja ta biyu, wadda ita ce ƙashin bayan ra'ayinsu. Suka ce doka ɗaya ga kowa ita ce adalci: in gidan bene ya tsaya a ƙafa 35, me ya fifita eriya?

Abin da ya bambanta su shi ne aiki. Gida mai ƙafa 35 gida ne cikakke, ana kwana ana tashi a cikinsa. Eriyar gajeren zango kuwa tsayinta daga ƙasa shi ke yanke inda muryarta za ta kai. Duk wanda ya saba kama sashen Hausa na BBC ko Muryar Jamus a mita 19 ko 25 ya san tashar na dushewa ta dawo, kuma ta safe daban ta dare daban. Dalili shi ne saƙon ba miƙewa yake yi ba. Yana tashi sama ya bugi wani rufi mai caji da ke ɗaruruwan kilomita a sararin samaniya, sannan ya karyo ƙasa a wani wuri mai nisa. In ya tashi a kwance-kwance, tsalle ɗaya kan kai shi kusan kilomita 4,000. In ya tashi a miƙe, ko dai ya huda rufin ya ɓace, ko ya faɗo kusa da inda ya fito.

Ita kuwa kusurwar tashin, ƙasa ce ke saita ta, domin rabin saƙon yana bugun ƙasa ya haɗu da ɗan'uwansa. Ƙa'idar da masu harkar suka sani ita ce eriyar da aka shimfiɗa a kwance tana son tsayin aƙalla rabin zangonta. A zangon mita 20, rabin shi ne mita 10, kusan ƙafa 33, kuma nan ma saƙon na tashi ne a wajen digiri 30. Sai an kai ta kusan ƙafa 70 yake sauka zuwa wajen digiri 15, inda ake tsallaka teku. A zangon mita 40, wanda aka fi dogara da shi da dare, rabin kaɗai ya kai ƙafa 66. Ka rataye wannan eriya a ƙafa 35, yawancin ƙarfinta sama zai nufa. Saboda haka dokar da ta ba kowa ƙafa 35 ta bar mai gida da gidansa, ta raba mai rediyo da rabin tasharsa. Lamba ɗaya ce, amma nauyinta a kan mutum biyun ba ɗaya ba ne.

Hujja ta uku. Suka ce turke na iya faɗowa kan gidan maƙwabci in guguwa ta taso.

Wannan damuwa ce ta gaske, kuma nan ne gari yake da cikakken iko. Sai dai maganinta yana cikin dokar gini: a nemi zanen injiniya mai hatimi, a duba zurfin ramin da yawan kankaren da aka zuba wa gindin, a lissafa ƙarfin iskar yankin bisa ma'aunin TIA-222 da ake gina turakun sadarwa da shi, a tabbatar da wayar da ke kai aradu ƙasa, a sa abin da zai hana yara hawa, a bar tazara daga wayoyin lantarki. Turke mai ƙafa 30 da aka dasa da ka ya fi mai ƙafa 70 da injiniya ya auna hatsari. Wanda tsaro ya dama, ingancin aiki zai bincika. In ya tsallake wannan ya tafi kan tsayi kaɗai, to wani abu yake nema.

Hujja ta huɗu. Suka ce tashar na shiga talabijin da lasifikar maƙwabta, kuma tururin da take fitarwa na iya cutar da jiki.

Ta fuskar doka, gari ba shi da hurumi a nan. A 1982 Majalisar Dokokin Amurka ta yi wa dokar sadarwa gyara ta miƙa batun katsalandan ɗin rediyo ga FCC, kotuna kuma suka riƙa korar ƙararrakin da aka kawo ta hanyar dokokin jiha ko na gari. FCC ce ta ƙayyade ƙarfin tashar a wat 1,500, yawancin na'urorin da ake sayarwa kuma wat 100 suke bayarwa, sannan ta ɗora wa mai lasisi nauyin tabbatar da cewa abin da ke kai wa jikin mutane bai wuce iyakar da ta sa ba. Ta fuskar kimiyya kuma hujjar ta juya kan masu ita. Ƙarfin saƙo na raguwa da nisa: in tazara ta ninka, abin da ke isowa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Eriya a ƙafa 70 tana harba saƙonta ta saman rufin maƙwabci. A ƙafa 30 tana kusa da tagar ɗakin kwanansa na sama. Mai neman a sauko da ita don kare talabijin ɗinsa, kansa yake jawo wa abin da yake gudu.

Hujja ta biyar. Suka ce abin muni ne, yana ɓata wa unguwa fasali ya karya darajar gidaje.

Ba na raina wannan. Mutumin da ya zuba tarin shekarunsa a gida yana da haƙƙin damuwa da abin da zai gani in ya buɗe labule, kuma PRB-1 ya amince da kyan gani a matsayin dalili. Tambayar ita ce yadda za a yi amfani da shi, kuma shari'u biyu sun nuna hanya. A 1993 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan gundumar Boulder ta jihar Kolorado da ta hana wani dogon turke a unguwar da ke kallon duwatsu, domin gundumar ta saurari mai nema, ta auna, ta kuma kawo masa zaɓi. A 1994 wata kotun ta kayar da birnin Mendota Heights na jihar Minesota, inda wata mai lasisi ta nemi turke mai naɗewa, ƙafa 30 in an sauke, 68 in an ɗaga, birnin ya ƙi ya ce ta ci gaba da tsohuwar eriyar da ta riga ta nuna ba ta isar ta. Kotun ta ce wajibi ne gari ya duba buƙatar, ya kafa dalilansa a kan hujja, ya kuma nemi sulhu. Hanyoyin sulhun suna da yawa: turke mai sauka in ba a aiki, kafa shi a bayan gida, shuka itatuwa, fenti mai sajewa da sama. Dokar ƙafa 35 ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba, domin ta yanke hukunci tun kafin a shigar da takarda.

Nan sukan ƙara da cewa ai rukunin gidajen da ƙungiyoyin mazauna ke gudanarwa sun haramta eriya, kuma doka ta ƙyale su. Haka ne. FCC ta ce wannan yarjejeniya ce da mai sayen gida ya sa wa hannu, kuma ƙudurin sauya lamarin da Majalisar Wakilai ta zartar a 2016 da 2017 ya maƙale a Majalisar Dattawa. Amma dalilin da ya kare su shi ne sa hannun. Dokar gari babu wanda ya sa mata hannu; faɗowa take kan kowa.

Hujja ta shida. Suka ce zamani ya wuce wurin, ga salula ga intanet.

A watan Satumba na 2017 guguwar Mariya ta ratsa tsibirin Puerto Rico, FCC ta ba da rahoton cewa sama da kashi 95 cikin 100 na turakun salula sun daina aiki. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta nemi taimakon ARRL, aka tura masu rediyo 22 su tallafa wa na tsibirin. Za a ce ai waɗannan da batir da ƙananan eriyoyi suka yi aiki, ba da dogayen turaku ba. To wa ya ji su? Saƙo mai rauni daga inda bala'i ya auku yana buƙatar kunne mai ƙarfi a nesa, kuma wannan kunnen shi ne tashar da ke bayan gidan wani a unguwar da komai yake lafiya. Gaskiya ne yawancin kwanaki gasa ake yi da ita da hira. Amma da gasar da hirar ake sanin na'ura, a kuma riƙe ta cikin shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya rage shi ne a ga yadda dokar kirki take. Jihar Bajiniya ta hana ƙananan hukumominta ƙayyade tsayin eriyar a ƙasa da ƙafa 75 a wurare masu cunkoso, ko ƙasa da ƙafa 200 a karkara. Jihar Oregon ta ce ba za a takura wa mai ƙafa 70 ko ƙasa da haka ba sai da bayyanannen dalili na lafiya ko tsaro ko kyan gani. Duka biyun sun bar wa gari binciken gini da tazara da shinge. Garin da ke son kare unguwanninsa yana da waɗannan makamai a hannu. Wanda ya ajiye su ya riƙe ƙafa 35 kaɗai, haramci ya kafa da sunan tsari, kuma tun 1985 doka ba ta ba shi wannan ikon ba.