Mota Mai Aiki Da Lantarki: Ina Wutar Da Za Ta Sha A Gida?

Sharhi daga wakilinmu

Tun daga ran 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, ranar da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, mota ta tashi daga abin alfahari ta koma abin damuwa ga ma'aikacin gwamnati. Litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haye Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuma sai da ta taɓa Naira 1,000 a garuruwa da yawa. Ma'aikata da dama sun jingine motocinsu a ƙofar gida, ƙura ta lulluɓe su, sun koma hawan acaɓa da A Daidaita Sahu.

A cikin wannan hali ne maganar mota mai aiki da lantarki ta fara shiga ofisoshi da makarantu. Ana cewa ba ta shan mai ko kaɗan, sai dai mutum ya jona ta a gida da dare kamar wayar hannu, gari na wayewa ya tada ta ya kama hanyar ofis. Maganar gaskiya ce. Amma akwai sharaɗi guda a cikinta wanda ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna sosai, watau kalmar nan "a gida".

YADDA ABIN YAKE A WAJE

A ƙasashen da suka ci gaba motar lantarki ta wuce matakin gwaji. A shekarar 2024 an sayar da irinta fiye da miliyan 17 a duniya, watau mota ɗaya cikin kowace biyar sababbi da aka sayar, kuma fiye da rabinsu a ƙasar Sin aka saye su. A ƙasar Nowe, cikin wannan shekarar, kusan 89 cikin 100 na sababbin motoci masu batir zalla ne. Ko a nan Afirka, ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur da dizal tun farkon 2024.

Abin lura shi ne, duk waɗannan ƙasashe sun tanadi wuta. Nowe tana samun mafi yawan lantarkinta daga ƙarfin ruwa. Habasha ta buɗe babbar madatsar ruwanta ta kogin Nilu a watan Satumba na 2025, wadda ita kaɗai za ta iya ba da megawat fiye da 5,000. Wannan adadi ya kai, ko ma ya ɗara, abin da babban layin wutar Nijeriya gaba ɗaya ya saba rabawa mutane fiye da miliyan 200, domin namu tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 ya daɗe yana kai-komo. Bugu da ƙari, a ƙasashen Turai da Amurka yawancin masu irin wannan mota a gida suke yi mata caji, tashoshin kan hanya kuwa sai doguwar tafiya ta kama.

Nijeriya ma ta taɓa ɗan yunƙuri. A watan Nuwamba na 2020 an ƙaddamar da Hyundai Kona, motar lantarki ta farko da aka harhaɗa a Legas. A 2021 hukumar kula da ƙere-ƙeren motoci ta ƙasa, a ƙarƙashin Malam Jelani Aliyu, ta kafa tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A ƙarshen 2023 Gwamnatin Jihar Borno ta fito da motocin tasi na lantarki a Maiduguri, sa'an nan a watan Oktoba na 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗauke wa irin waɗannan motoci harajin kayan sayarwa. Duk wannan abin yabo ne, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

LISSAFIN KUƊI

Bari mu yi lissafi irin wanda magidanci zai yi a kan tabarmarsa. Ƙaramar mota mai fetur, irin wadda ma'aikata suka fi hawa, takan sha kamar lita 8 a tafiyar kilomita 100. Idan muka ɗauki lita a kan Naira 900, wanda shi ne kusan farashin da aka yi ta zagayawa a shekarar 2025, kuɗin ya kama Naira 7,200.

Ita kuwa motar lantarki mai wannan girman takan ci kamar yunit 16 na wuta a wannan tafiyar. In an haɗa da abin da ke salwanta a lokacin caji, a ce yunit 18. A kuɗin wutar rukunin A da aka tsayar a watan Yuli na 2024, watau Naira 209 da kwabo 50 kowane yunit, abin bai kai Naira 3,800 ba. Ashe ko da wuta mafi tsada aka yi cajin, an rage kusan rabin kuɗin mai. Har ila yau babu juyen baƙin mai, babu sauya fulogi, babu gyaran salansa, domin duk motar ba ta da su.

Lokacin caji ma bai kai yadda ake tsorata mutane ba. Batirin Kona yana ɗaukar yunit 64. In da soket na bango za a cika shi daga ƙasa har sama, sai an yi fiye da kwana guda cur. In an kafa na'urar caji ta musamman mai ƙarfin kilowat 7 kuwa, sa'o'i tara zuwa goma sun isa. To, amma ma'aikacin da ke zuwa ofis ya sauke yara makaranta ya biya kasuwa, da wuya ya wuce kilomita 40 a yini. Yunit 7 ke nan, wanda soket na bango zai mayar cikin kamar sa'o'i uku. Batir cike kuwa ya isa ya kai mutum Kaduna daga Kano, da saura mai yawa.

INDA GIZO KE SAƘAR

Wannan lissafi duka ya rataya ne a kan abu ɗaya, a ce akwai wuta. An kasa masu amfani da lantarki kashi biyar. Rukunin A an yi musu alkawarin sa'o'i 20 a rana, B sa'o'i 16, C sa'o'i 12, D sa'o'i 8, E kuma sa'o'i 4. Mai karatu ya san inda yawancin ma'aikata suke zaune, kuma ya san ko alkawarin nan ana cika shi ko ba a cikawa. Unguwar da ake kawo wa wuta da ƙarfe biyu na dare a ɗauke kafin asuba, wani lokaci ma ba ta da ƙarfin juya fanka, ba ta da tabbacin da mutum zai ɗora zuwansa aiki a kai.

Mutanen Arewa ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sa'an nan layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya faɗi, jihohi da yawa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Wanda motarsa ta dogara da soket ɗin gidansa kaɗai, a wannan mako da sai ya taka da ƙafa.

Wani zai ce ai sai a tada janareta. A nan ne lissafin yake rushewa. Ƙaramin janareta na gida da ƙyar yake fitar da yunit 2 daga litar fetur guda. Yunit 18 ɗin nan za su ci aƙalla lita 9, alhali kuwa mota mai fetur lita 8 za ta sha ta yi wannan tafiyar. Mutum ya kashe miliyoyi don ya rabu da gidan mai, ya dawo yana ɗaukar jarka zuwa gidan man, an gudu gara ke nan an faɗa gidan zago.

Akwai kuma batun mita. Alƙaluman hukumar kula da lantarki ta ƙasa na ƙarshen 2024 sun nuna fiye da rabin masu amfani da wuta ba su da mita, kintace ake yi musu. Gidan haya da magidanta huɗu ko biyar ke karo-karon kuɗin wuta, ranar da ɗayansu ya jona mota, ranar zaman lafiya zai ƙare. Shi kansa ɗan haya ba shi da ikon fasa bango ya ja sabuwar waya sai da yardar mai gida, balle wanda ba shi da garejin kwanan mota sai bakin titi.

Sa'an nan ga haɗari. Na'urar caji mai kilowat 7 tana jan wuta kamar na'urar sanyaya ɗaki shida a lokaci guda, kuma ta ɗauki sa'o'i tana ja ba hutawa. Yawancin gidajenmu da siraran wayoyi aka ja musu wuta, wasu ma babu wayar ƙasa mai kare mutum daga jan lantarki. Soket mai arha in ya daɗe yana ɗaukar nauyi sai ya yi zafi ya narke, daga nan gobara take tashi. Taransifomar unguwa kuwa, wadda tuni take nishi, in gidaje goma suka jona motoci bayan sallar isha'i, sai ta buga, a koma yawon tara kuɗin gyara gida gida.

KUƊIN SAYE DA GYARA

Dattawan ma'aikata suna tuna zamanin da kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, lokacin da ma'aikaci kan karɓi bashin mota ya fito da sabuwa fil, ana cire masa a albashi sannu a hankali. Yau babu wannan. An sa wa Kona kuɗi kimanin Naira miliyan 24 a 2020, tun kafin darajar Naira ta faɗi. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka tsayar a 2024, ko da bai ci bai sha ba, sai ya yi fiye da shekara 28 yana tarawa.

Saboda haka yawancin mutane ta hanyar 'yan Kwatano motar za ta zo musu, kuma a nan sai an yi hattara. Batir shi ne ran motar, shi ne kuma mafi tsada a jikinta. Kamfanoni sukan ba da lamuni a kansa na shekara 8 ko kilomita 160,000, motar da ta tsufa a Turai kuwa ta cinye yawancin wannan wa'adi kafin ta iso. Zafi irin na Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu yana gaggauta tsufan batir. Bakin abin cajin ma ba iri ɗaya ba ne, na Amurka daban, na Turai daban, na Sin daban. Makanikanmu kuwa, duk da gwanintarsu a kan inji, ba a koya musu taɓa batir mai ƙarfin da zai iya kashe mutum nan take ba.

ABIN YI

Allah ya hore wa Arewa rana. Faifan sola mai ƙarfin kilowat ɗaya yakan ba da yunit 4 zuwa 5 a yini a wannan yanki, in ana share masa ƙurar hunturu. Ke nan mai kilowat biyu ya isa ya ciyar da motar ma'aikaci kullum. Sai dai akwai wani cikas da ba a cika lura da shi ba: lokacin da rana ke dukan rufin gida, motar tana ofis. Kafin a adana wutar zuwa dare sai an sayi wani batirin na gida, wanda shi ma kuɗi ne mai yawa.

Wannan cikas shi ne ya nuna wa gwamnati inda za ta fara. Motocin ma'aikata suna tsaye a harabar sakatariya da jami'o'i da asibitoci tun ƙarfe takwas na safe har la'asar, daidai lokacin da rana take da ƙarfi. In aka yi wa wuraren ajiye motoci rumfunan sola, mota ta sami inuwa, ta sami caji, ofis kuma ya sami rarar wuta. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, saboda haka ba sai an jira Abuja ba. Ya kamata kuma hukumar kula da ingancin kaya ta tsayar da bakin caji iri ɗaya tun motocin ba su yi yawa ba, kwalejojin fasaha su buɗe kwas na gyaransu, a kuma fara da motocin haya da Keke Napep, waɗanda talakawa ke hawa kuma suke kwana a tasha guda. Ɗalibanmu na sashen lantarki da injiniya su lura, aikin yi yana nan tafe a wannan fanni.

Shi kuwa ma'aikacin da ke da hali, yake kuma tunanin sauya mota, shawararmu ita ce kada ya fara da zuwa wurin dillali. Ya sami littafi ya rubuta sa'o'in da aka kawo wuta gidansa kullum har tsawon wata uku, musamman cikin bazara. Ya tabbata yana da mitarsa shi kaɗai. Ya kira ƙwararren mai aikin lantarki ya duba wayoyin gidan. Ya bincika ko akwai wani wurin caji a garinsu in wutar gida ta ƙi. In duka huɗun sun yi daidai, motar za ta rage masa kashe kuɗi ƙwarai. In ɗaya ya gaza, gara ya dakata tukuna, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Magabatanmu ba sa sayen doki sai sun kafa turke, sun kuma san inda harawa za ta fito. Harawar wannan sabon dokin ita ce wutar lantarki, kuma samar da ita haƙƙi ne da ke wuyan hukuma. Allah ya ba shugabanninmu ikon sauke shi, amin.