Hidimar Ɗalibai a Ƙetare: Wa Ake Yi wa Hidimar?

'Yan uwa malamai, a 'yan shekarun nan ya zama ruwan dare a ga makarantu, musamman masu zaman kansu, suna aika wa iyaye takarda a ƙarshen zangon karatu cewa za a kai ɗalibai wata ƙasa su yi mako guda ko biyu, su ga gari, su kuma yi wa al'ummar can hidima. Iyaye su biya kuɗin da ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da yawa, hukumar makaranta ta sami abin talla, malami kuwa shi ake ɗora wa amanar yaran daga filin jirgi har a dawo. Tun da a wuyanmu nauyin yake sauka, ya dace reshenmu ya sami matsaya. Ra'ayina shi ne tafiyar tana da amfani bisa sharuɗɗa biyu: a ɗauki kowane yini a cikinta a matsayin ranar makaranta mai manufa da tsarin darasi, kuma mutanen da aka je wurinsu su ne za su faɗi abin da suke buƙata.

Mu dubi yadda yini ɗaya yake kasancewa a yawancin irin waɗannan tafiye-tafiye. Ɗalibai su karya kumallo a otal, mota ta kwashe su zuwa wata makarantar firamare a bayan gari. A raba musu bokitin fenti da buroshi su shafe bangon aji, wasu kuma su shiga su koya wa yara waƙa da 'yan kalmomin Turanci. Bayan azahar a biya ta gidan marayu a raba alewa da biskit, a rungumi jarirai, a ɗauki hotuna. Da la'asar sai kasuwa da sayen tsaraba. Kafin a kwanta barci hotunan sun cika Facebook da Instagram, iyaye suna ta sa albarka.

Babu wanda ke zargin niyyar yaran. Amma malami ya san kyakkyawar niyya ba ta isa ta zama darasi, don haka a bi yinin nan daki-daki. Fentin da 'yan shekara 15 suka shafa cikin sa'a uku, akwai mai fenti a unguwar da zai yi shi da kyau a yini guda, ya kai wa iyalinsa cefane. Kuɗin tikitin ɗalibi ɗaya zai biya shi har da magini da kafinta. Darasin Turancin kuma, malamin ajin da ya yi shekaru yana koyon sana'arsa an tsayar da shi a bakin ƙofa, an miƙa allinsa ga yaron da bai gama sakandare ba. Mu da muke fafutukar kada a bar wanda ba shi da shaidar malanta ya tsaya gaban aji a nan gida, da wane baki za mu kai yaranmu su yi haka a ajin wani? Abin da 'yan ajin suka koya a ranar shi ne kowane baƙo mai sababbin takalma ya fi malaminsu.

Gidan marayu ya fi komai buƙatar a tsaya a yi tunani. A Kambodiya, wani bincike da hukumomin ƙasar suka yi da tallafin UNICEF ya nuna cewa gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari daga 2005 zuwa 2010, daidai lokacin da baƙi masu yawon buɗe ido suke ta ƙaruwa, kuma kusan uku cikin kowane huɗu na yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya raba su da gida, wasu masu gidajen kuma suka gane cewa yaro mai ban tausayi yana jawo gudummawa. Abin ya kai Ostireliya, wadda 'yan makarantunta suke yawan irin wannan ziyara, ta amince a 2018 cewa safarar yara zuwa gidajen marayu nau'i ne na bautar zamani. Ko inda babu zamba, ƙaramin yaro da ya shaƙu da baƙo yau, gobe baƙon ya tafi, jibi wani ya zo, ana koya masa cewa duk wanda ya rungume shi mai tafiya ne.

Mu 'yan Nijeriya mun taɓa zama waɗanda ake zuwa taimako, mun san ɗacinsa. A watan Oktoba na 1961, 'yan watanni bayan Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps, wata 'yar sa kai Ba'amurkiya da ke karɓar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta rubuta katin wasiƙa zuwa gida tana bayyana ƙazanta da koma-bayan da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, suka kwafe shi suka yaɗa, aka yi zanga-zanga, ita kuma ta bar ƙasar. Wannan katin a yau shi ne hoton da ɗalibinmu zai ɗauka na yaro mai tsumma ya ɗora a intanet ba tare da ya nemi izinin kowa ba. A 1968 kuma, Ivan Illich, masanin da ya yi suna wajen sukar tsarin ilmin zamani, ya tsaya gaban ɗaliban Amurka masu zuwa aikin sa kai a Meziko ya shawarce su da su zo su gani, su yi karatu, amma su daina ɗaukar kansu a matsayin masu ceto. Sama da shekara hamsin ke nan, kuma shawarar tana nan da ƙarfinta.

Wasu abokan aiki za su ce tafiya mabuɗin ilmi ce, gani ya kori ji, kuma yaron da ya taso cikin wadata yana buƙatar ya ga yadda wasu ke rayuwa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a daina tafiyar ba. Sai dai Bahaushen da ya ce haka shi ne ya ce baƙo ko da ido makaho ne. Wanda ya sauka jiya bai san ciwon gari ba, balle ya rubuta magani. Idan ilmi aka je nema, to a tsara yinin yadda ɗalibi zai zauna a matsayin mai koyo, hidimarsa kuwa ta zama ƙwadagon almajiri a gonar malaminsa.

Ga misali a kusa da mu. Daga Katsina zuwa Maraɗi ta hanyar Jibiya bai kai kilomita 100 ba. Harshe ɗaya ne, kuma sarautar Maraɗi zuriyar sarakunan Katsina ne suka kafa ta bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19. A wannan yankin ne, tun daga 1983, manoma tare da wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, suka farfaɗo da dabarar da ake kira sassabin zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran, a kare su daga dabbobi da gatari. Saiwar tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, don haka itacen yakan tashi da sauri fiye da dashe. An ƙiyasta cewa ta haka aka dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Yini ɗaya a irin wannan ƙauye zai fara da gaisuwa a ƙofar mai gari, domin baƙo ba ya shiga gona sai da izini. Da hantsi manomi ya shige gaba, ɗalibai na biye da lauje da littafin rubutu. Shi zai nuna musu wane toho ake bari, wane ake cirewa, da dalilin da ya sa gero ya fi kyau a gindin gawo: gawo yakan zubar da ganye da damina ya bar wa shuka hasken rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi inuwa ya ba dabbobi abinci. Ɗalibai su yi datsar a ƙarƙashin kulawarsa, su ƙirga itatuwa a gona biyu su kwatanta. Da rana su ci abin da aka dafa a garin, a biya matan da suka dafa farashin da ya dace. Da yamma su zauna da takwarorinsu na makarantar garin, waɗanda ke karatu da Faransanci, kowa ya ga littattafan ɗan uwansa. Bayan isha'i malami ya tara su sa'a guda: me ka gani, wa ya koya maka, me za ka gwada a harabar makarantarmu? A yini guda an taɓa ilmin noma, labarin ƙasa, lissafi da tarihi, manomi ya sami hannuwa a aikin da shi ya zaɓa, kuma yaron ya dawo da abin da Katsina, Jigawa da Yobe suke matuƙar buƙata.

Ba a rufe ido ga halin da ake ciki. Juyin mulkin Yuli 2023 ya jawo rufe iyaka na watanni, Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025, hanyar Jibiya kuma ta sha fama da 'yan bindiga. Babu malamin da ya kamata ya ɗauki yaran mutane zuwa can sai hukumomin ɓangarorin biyu sun tabbatar da lafiyar hanya a rubuce. Na kawo Maraɗi ne a matsayin ma'auni, kuma ma'aunin zai yi aiki ko Gana aka nufa ko Ruwanda.

Nan maganar ta dawo kan haƙƙin malami. A ƙasar waje mai rakiya yana bakin aiki sa'a 24. Shi ne uba, shi ne mai jinya, shi ke riƙe da fasfo, kuma idan yaro ya ɓata ko zazzaɓi ya kwantar da shi, sunansa za a fara kira. Duk da haka sau da yawa akan nuna masa cewa kujerar jirgin da aka ba shi ita ce ladansa. Ina kira ga shugabannin reshenmu su fitar da ƙa'ida ga duk ɗan ƙungiya da aka nemi ya yi rakiya. Kada ya tashi sai da takardar amincewar iyaye, da katin rigakafin shawara na kowane yaro, da inshorar lafiya da ta haɗa da shi kansa, da alawus da aka rubuta kafin tafiya. Idan akwai 'yan mata dole a tafi da malama, kuma kada yara su yi wa masu rakiya yawa. A kuma ba shi ikon cire duk wani abu daga jadawali da ya saɓa wa amanar sana'a: ziyarar gidan marayu, karɓe aji daga hannun malamin gari, da ɗaukar hoton yara ba da izinin iyayensu ba.

Saura waɗanda ba za su taɓa shiga jirgin ba, wato akasarin yaran da muke koyarwa a makarantun gwamnati. Darasin hidima bai kamata ya zama na masu fasfo kaɗai ba. Lokacin da aka kafa NYSC a 1973, manufar ita ce matashi ya san ƙasarsa ta hanyar yi wa waɗanda ba danginsa ba aiki. Makarantar cikin birni za ta iya ƙulla zumunci da ta ƙauye a ƙaramar hukuma ɗaya, a riƙa ziyartar juna kowane zango da kuɗin motar haya. Makarantar da ke son kai yara ƙetare kuwa, a fara tambayar ta me ɗalibanta suka yi wa unguwar da ke bayan katangarsu a cikin shekarar. Wanda ya saba gaida maƙwabcinsa shi zai iya gaida mutanen wata ƙasa da ladabi.

Ina fatan za a sanya wannan batu cikin ajandar taron reshe mai zuwa, kuma duk wanda ya taɓa yin rakiya ya zo da abin da ya gani. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da iyaye suka damƙa mana.