Labulen Taga: Kafin Mu Ci Bashi, Mu Buɗe Adaka

 

Abin da ya kawo maganar yau ya faru ne a wata ƙungiya da muke zama da ita. Wata ƴar uwarmu za ta aurar da ɗiyarta. Ranar zubi ta nemi rancen jika 15, ta ce za ta ƙara jarin ƙuli-ƙuli da mai. Masu mabuɗi suka buɗe akwati, aka ƙirga mata gaban kowa. Ashe wajen mai labule kuɗɗin suka nufa. Ta sayo irin mai sheƙin nan mai hawa biyu, da sandarsa mai ruwan zinariya, na taga biyu da ƙofa ɗaya. Ranar jere an yi guɗa, kowa ya yaba. Da wata ya cika, labule na rataye a ɗakin amarya, bai haifi ko dala ba. Ta roƙi a ƙara mata wata, aka ƙara, ta sake roƙo, aka sake ƙarawa. Ƙarshenta akuyar da take kiwo ita ta tafi kasuwa, kuma har yau in ta zo taro can bayan tabarma take zama, kanta a sunkuye.

Ba don mu yi da ita muka kawo labarin ba. Wace ce cikinmu ba ta jin tsoron bakin dangin ango ranar jere? Amma mu yi lissafi tare. A ce ƙungiyarku ta yanke dala 10 bisa kowace dala 100 a wata. Jika 15 ta zama jika 16 da rabi a watan farko, in an kai wata 3 ta zama jika 19 da rabi. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe asusu shi ne rance ya fita ya yi aiki, ya dawo da ɗan abokinsa. Gyaɗa na dawowa, tunkiya na dawowa, labule kuwa inda aka rataye shi nan zai tsufa. To tunda ba a zama da taga tsirara, mu duba yadda hannunmu zai rufe ta da abin da ke cikin gida.

Aikin da muke so taga ta yi

Kafin a yi zancen kyau, abu uku muke nema: sutura daga idon mai wucewa, kariya daga sauro, da tare rana da ƙura. Ƙyalle ɗaya ba ya yin ukun nan duka, komai tsadarsa. Don haka hawa-hawa ake yi: raga a jikin tagar, labule daga ciki, asabari ko tabarma daga waje. Kowane cikinsu muna iya yi da kanmu.

Labulen ciki

Mu buɗe adaka. Zanen anko nawa ne a ciki da muka ɗaura sau ɗaya ko biyu? Na bikin wance, na sunan wance, na ranar mata ta 13 ga Mayu na shekarun baya, duk suna kwance. Turmi zane 3 ne, kowane zane yadi 2, wato wajen mita 1 da santimita 80 a tsawo, faɗinsa kuma ya ɗan haura mita 1. In aka rataye zane a kwance, yadda muke ɗaura shi, ya ishi tagar da faɗinta bai wuce mita 1 da ɗan kai ba. Wani daɗin kuma, bakin zane na ƙasa a gyare yake tun daga masaƙa, ba sai an kalmashe shi ba.

Wadda ba ta da abin awo na tela, igiya ta ishe ta. A auna faɗin taga a ƙulla, sannan a ƙara rabin wannan faɗin, don labule ya yi tattara, kada ya tsaya a miƙe kamar shanya. A tsawo kuma a bar taƙi ɗaya sama da tagar, taƙi ɗaya ƙasa. In sabon yadi ne, a wanke shi ya bushe kafin a sa almakashi, don auduga na tsukewa a wankin fari. Da yawa sun yanka daidai, bayan wanki labule ya koma ɗangalalle.

Daga sama a ninka kamar yatsa huɗu a ɗinke, ya zama hanyar da sanda za ta bi. Allura da zare sun isa, ɗinkin hannu na yamma ɗaya ne. In iska na yawan ɗaga labulen, a ɗinka ƴan aljihu a kusurwa biyu na ƙasa, a sa tsakuwa mai sulɓi a rufe.

Ga wata dubara da bai kamata a tsallake ba: a yi wa labulen shafi da tsohon farin zanen gado, farin ya kalli waje. Fari na mayar da zafin rana, kuma shi zai sha ranar, atamfar ba za ta koɗe da wuri ba. Sannan akwai maganar sutura. Da rana ƙyalle mai shara-shara na ɓoye na ciki, amma da dare in an kunna fitila sai abin ya juya, na waje shi ke gani. Bayan an rataye, a kunna fitila da dare, a sa yarinya ta tsaya cikin ɗaki, ke ki fita waje ki duba. Abin da kika gani shi ne abin da maƙwabta ke gani.

Wadda adakarta ba ta da zanen da za ta sadaukar, ta je wajen tela. Ƙyallayen da ke tarin ƙasan kekensa sau da yawa shara suke zama. A yanka su daidai da juna, kamar faɗin tafin hannu biyu, a jera mai duhu kusa da mai haske, a haɗa. Wata tsohuwa a ƙungiyarmu da ta ga irinsa cewa ta yi: «Wanga ai ya hi na kanti, don babu mai irinai.» Zanen gado na gwanjo ma na fitar da labulen taga biyu. A ɗaga shi a rana kafin a biya, inda ya lalace zai nuna.

Sanda da ratayewa

Ba dole sai sandar kanti ba. Guntun tiyon roba da masu jan wayar lantarki ke bari, ko gora, ko reshen dogon yaro miƙaƙƙe da aka feƙe aka shanya, duk suna yi. Ƙaramar taga kuwa waya ko igiya mai ƙarfi ta ishe ta, in an ja ta ta yi tauri.

Inda ake shan wahala shi ne bango. Bangon laka ba ya riƙe ƙusa, kwana biyu ta fito da ɓarɓashin ƙasa. A feƙe ɗan itace mai tsawon taƙi ɗaya, a kafa shi cikin bangon yana ɗan kallon sama, a liƙe gefensa da laka, a bari ya bushe. A kansa sanda za ta zauna. Bangon siminti kuma ƙusar siminti yake so, ta katako lanƙwashewa take yi. In tagar ƙarfe ce, sau da yawa akwai inda za a ɗaura waya a jikinta ba tare da an taɓa bango ba, abin da zai yi wa ƴan haya daɗi, irin na Yamai da Damagaram da mai gida ke lissafa kowane rami ranar tashi.

Ragar sauro

Nan ne maganar ta wuce ado. Sauron da ke kawo masassarar cizon sauro da dare yake cizo, kuma mun san yadda ɗakunan likita ke cika da yara daga tsakiyar damana zuwa kaka. Labule ba ya tare sauro, ta gefe yake shiga. Tsohon sange da ya yayyage har aka daina kwana cikinsa, kada a yar da shi. A yanko wajen da ba huji, a ninka biyu, ya fi tagar da yatsa huɗu ta kowane gefe. In akwai katako a bakin tagar, a yanka robar cikin tayar keke siri-siri, a ɗora kan bakin ragar a buga ƙananan ƙusoshi ta kanta. Marfin kwalbar lemo ma na yin wannan aiki, yana hana kan ƙusa yaga raga. A bi gefe da yatsa, duk inda yatsa ya shiga sauro zai shiga.

Amma a ji mu da kyau: tsohon sange muka ce. Sabon da aka raba ko aka ba mai ciki wajen awo, na kwana ne, ba a sa masa almakashi. Kuma ragar taga ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin sange, ba ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 shan maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba su wata-wata da damana.

Abin da ke waje

Zafin da ya riga ya shigo ɗaki ya shigo. Shi ya sa inuwar da aka yi wa taga daga waje ta fi ta ciki sanyaya ɗaki, musamman tagar da ke kallon yamma, wadda ke shan rana daga azahar zuwa la'asar. Iyayenmu da asabari suka san wannan. Tsohuwar tabarmar kaba da gefenta ya cinye ma ta yi: a yanke wajen da ya mutu, a dje bakin da ƙyalle, a ɗaura sanda sama da ƙasa, a sa igiya ta naɗewa. A bar ɗan tazara tsakaninta da bango don iska ta ratsa.

Da bazara, watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, buhun algarara irin na albasa na da amfani. A wanke shi, a rataye a tagar da iska ke shigowa, a yayyafa masa ruwa. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka iskar da ta ratsa jiƙaƙƙen buhu ke shigowa da sanyi-sanyi. Wannan sai lokacin da iska ke bushe, da damana ba ya aiki, sai wari. Buhun da aka zuba takin zamani ko maganin ƙwari kuwa, ko an wanke kada ya kusanci tagar ɗakin kwana. In hadari ya taso daga gabas, a naɗe tabarma a shigo da ita, in ba haka ba a tsince ta gidan maƙwabta.

Hattara da wuta

Yadin roba mai sheƙi in ya kama wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Fitilar kananzir, kyandir, kaskon turare da maganin sauro mai hayaƙi, kada a ajiye ko ɗaya ƙarƙashin labule. Igiyar naɗe asabari a ɗaure ta sama inda hannun yaro ba ya kai, kada ta zarge masa wuya.

Sai babbar: lokacin ɗari, in ƙura ta taso, mukan toshe kowace kafa, wasu har da leda, sannan a shigo da garwashi don jin ɗumi. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum na barci take kashe shi, kuma ɗaki guda take ɗauka. In an ji ciwon kai da jiri a ɗakin da ke da garwashi, a fita da kowa waje nan take, a nufi likita. Garwashi ba ya kwana a rufaffen ɗaki, ko da labulen ya kai nawa kyau.

Abin da ƙungiya za ta iya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta ware yamma ɗaya bayan zubi, kowa ta zo da zane ɗaya da awon tagarta a igiya. Mai keke ta kawo, mai almakashi ta kawo, wadda ta iya yanka ta koya wa saura. In ɗiyar ɗaya daga cikinmu za ta yi aure, labulen ɗakinta ya zama gudummawar ƙungiya. Uwar amarya ta huta da bashi, kuma duk dangin angon da ya taɓa baki a gaya masa hannun iyaye talatin ne ya ɗinka.

Wadda kuma ta ga hannunta ya faɗa, to ga sana'a. Nan ne rance ke da wurin zama: a ɗauki kaɗan a sayi zare, allura da zanen gado biyu ko uku, a ɗinka na gwaji a rataye a gida inda masu shigowa za su gani. Kafin a yanka wa kowa, a karɓi rabin kuɗɗi, don labulen da aka yanka wa tagar wani ba lalle ya dace da ta wani ba. A lissafa yadi, zare da wahalar hannu kafin a faɗi farashi, kada kunya ta sa a yi aikin banza.

Ita kuwa ƴar uwar tamu, ranar da muka yi namu zaman ɗinki mun aika an kira ta. Ashe duk cikinmu babu wadda ta kai ta iya kalmasa. Yanzu ita ke duba ɗinkin kowa, tana warware na masu gaggawa.

Ku gwada, ku aiko muna da abin da ya yi da wanda bai yi ba ta hannun shugabanninku, mu karanta wa saura. Allah ya sa albarka a asusunmu, ya rufa muna asiri duniya da lahira. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.