Sharhi: Sayar da Ƙungiyar Ƙwallo da Ɗauke Ta Daga Gida, Ina Matsayin Magoya Baya?

Daga cikin batutuwan da suka daɗe suna ɗaukar hankalin masu sha'awar ƙwallon ƙafa a ƙasar nan akwai batun mallakar ƙungiyoyin wasa. Kamar yadda aka sani, akasarin ƙungiyoyin da ke buga babbar gasar Nijeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne, kuma daga baitulmalin jama'a ake biyan 'yan wasa da masu horar da su. Shekara da shekaru ke nan masana harkar wasanni suna kira da a miƙa waɗannan ƙungiyoyi ga 'yan kasuwa. A duk lokacin da aka ta da wannan magana kuwa, akwai tambayar da ke biye da ita: idan mai kuɗi ya saya, a ina ƙungiyar za ta riƙa wasa, kuma wa zai hana shi ɗauke ta?

Wannan batu ya shafe mu a Jihar Kebbi. Muna da Kebbi United wadda gwamnatin jiha ke ɗaukar nauyinta, muna kuma da ɗimbin ƙananan ƙungiyoyi na gari da na unguwa a Yauri da Ngaski da Shanga, waɗanda matasa suka kafa da karo-karo. Saboda haka muka ga ya dace mu duba abin da ya faru a wasu wurare, mu auna ra'ayoyin magoya baya, sannan mu fitar da abin da zai amfani jama'armu da shugabannin ƙananan hukumominmu.

Masu gida a gidan aro

Misali mafi kusa da mu shi ne na Kano Pillars. An kafa ta a 1990, ta lashe gasar ƙasa sau huɗu, wato a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kuma a 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe. Duk wanda ya san ƙwallon Arewa ya san cewa rabin ƙarfin wannan ƙungiya yana cikin filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, inda jama'a kan yi cikar kwari suna yi mata kirarin nan na "Sai Masu Gida".

A 2020 annobar korona ta sa aka mayar da filin cibiyar killace marasa lafiya. Dole Pillars ta koma filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, tafiyar sama da kilomita 200. Ko lokacin da Ahmed Musa ya dawo ƙungiyar a 2021, a Kaduna ya buga wasannin da ake kira na gida. Bayan ta dawo Kano a 2022, rikicin da ya ɓarke a wasanta da Katsina United cikin watan Afrilu, wanda har aka lalata motar baƙi, ya sa hukumar gasar ta zaftare mata maki uku, ta ci ta tarar Naira miliyan 9, ta kuma tura ta Abuja. A ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu, ba ta dawo ba sai a 2023. Har ila yau a watan Oktoba na 2025 tarzomar da ta biyo bayan wasanta da Shooting Stars ta Ibadan ta sa aka mayar da wasanninta na gida Katsina na wani lokaci.

Ba Pillars ce kaɗai ta ɗanɗana zaman aro ba. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta yi zaman Kano da Katsina saboda matsalar tsaro, kafin ta koma gida a 2016.

Abin lura a nan shi ne, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙaura da ya samo asali daga sayar da ƙungiya. Amma sun nuna wa kowa abin da ƙaura take haifarwa. Ƙungiya kan biya kuɗin mota da masauki don wasan da ya kamata ta buga a ƙofar gidanta. Kuɗin ƙofa ya ragu. Mai tsire da mai sayar da ruwa da ɗan acaɓa, waɗanda ranar wasa ce kasuwarsu, sun rasa ciniki. Yaron da ke zuwa kallo da ƙafa ya daina ganin gwanayensa. Darasi na biyu kuma ya fi ɗaci: sau biyu daga cikin ukun nan, halin wasu daga cikin magoya bayan ne ya jawo korar.

Masu cewa a sayar

Idan aka saurari muhawarar da ake yi a gidajen kallon ƙwallo da majalisun matasa, za a tarar ra'ayi ya rabu. Kashi na farko suna ganin miƙa ƙungiya ga mai jari shi ne mafita. Hujjarsu ita ce ƙungiyar gwamnati tana tafiya ne da yanayin siyasa: a canza shugabanninta duk lokacin da aka canza gwamnati, kuɗi ya makale a ofis, 'yan wasa su yi watanni suna jiran haƙƙinsu. Suna kuma cewa kuɗin da ake kashewa a kan ƙwallo ya fi dacewa da asibiti da makaranta da taki.

Waɗannan sukan kafa hujja da Ingila. Bayan attajiran Abu Dhabi sun sayi Manchester City a 2008, ta ci gasar Firimiya a 2012, karo na farko cikin shekara 44. Newcastle ma, wadda asusun zuba jari na Saudiyya ya jagoranci sayenta a 2021, ta ɗauki kofi a 2025 bayan shekara 70 ba ta ci wani babban kofi na cikin gida ba. A nan gida kuwa, sukan ambaci Spartans ta Owerri, wadda Cif Emmanuel Iwuanyanwu ya karɓa daga gwamnatin Jihar Imo a 1985, ta koma Iwuanyanwu Nationale, ta ci gasar ƙasa sau uku a jere daga 1988 zuwa 1990.

Masu ɗari-ɗari

Kashi na biyu ba su musanta amfanin kuɗi ba. Damuwarsu ita ce ƙungiyar da ta dogara da aljihun mutum ɗaya, ranar da ya gaji ko kasuwarsa ta karye, ranar ce ajalinta. Su ma suna da misalai. Ita kanta Iwuanyanwu Nationale gwamnatin Imo ce ta sake karɓarta a 2006, ta sa mata suna Heartland. Leventis United ta Ibadan ta ci gasar ƙasa a 1986, amma ba a daɗe ba kamfanin da ya mallake ta ya rushe ta. Gabros ta Nnewi da Ifeanyi Ubah ya saya a 2015 ta rasa sunanta na asali, ta ci kofin ƙalubale a 2016, sannan ta faɗa rukuni na biyu a 2021.

A Ingila ma ba kowane ciniki ne ya yi daɗi ba. Iyalan Glazer na Amurka sun sayi Manchester United a 2005 da kuɗin rance, suka ɗora bashin a wuyan ƙungiyar, abin da ya fusata wasu magoya baya har suka kafa tasu a wannan shekarar. Mafi muni shi ne abin da ya sami Wimbledon, wadda ta ci kofin ƙalubale na Ingila a 1988. A 2002 aka ba masu ita izinin ɗauke ta daga kudancin Landan zuwa garin Milton Keynes, nisan kimanin kilomita 90. Ta tashi a 2003, aka canza mata suna a 2004. Magoya bayanta suka ƙi bin ta. Suka kafa sabuwar ƙungiya mallakar kansu, AFC Wimbledon, suka faro daga can ƙasa, suka shiga sahun ƙwararru a 2011, suka kuma koma sabon fili a unguwarsu ta asali a 2020. Shekara 18 suka yi kafin su mayar da abin da aka raba su da shi da sa hannu ɗaya.

Akwai kuma kashi na uku, waɗanda a ganinmu su ne suka fi kusa da gaskiya. Su cewa suke yi a karɓi jari, amma da sharaɗi a rubuce. Ba su ƙin sabon fili idan yana cikin garinsu. Arsenal ta bar Highbury ta koma Emirates a 2006, amma tazarar ba ta kai kilomita ɗaya ba, don haka jama'arta ba su rasa ta ba. Ashe abin da magoya baya ke gudu shi ne a yanke shawara a bayan idonsu, a kai abinsu inda ƙafarsu ba za ta kai ba.

Yadda wasu suka yi rigakafi

A Jamus, tun 1998 ƙa'ida ta tanadi cewa 'yan ƙungiya masu rajista su ne za su riƙe rinjayen ƙuri'a, ko nawa mai jari ya zuba, in ban da 'yan ƙungiyoyi ƙalilan da aka yi wa rangwame. A Chelsea kuwa, ƙasar da filin Stamford Bridge yake a kai mallakar wani kamfani ne na magoya baya. A 2011 Roman Abramovich, duk da tarin dukiyarsa, ya nemi su sayar masa don share hanyar ƙaura, amma bai sami kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un da ake buƙata ba, magana ta mutu. A 2025 Birtaniya ta kafa dokar da ta samar da hukuma mai zaman kanta da za ta tantance masu sayen ƙungiyoyi a Ingila, wadda kuma sai da amincewarta za a sayar da filin ƙungiya ko a ɗauke ta. Duk waɗannan matakai abu ɗaya suke nunawa, wato an raba mallakar ƙungiya da ikon raba ta da jama'arta.

Abin da ya shafe mu a ƙasar Yauri

Mutanen wannan masarauta ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan ƙaura. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, sama da mutum 40,000 aka tayar daga tsibirai da garuruwan bakin Kwara, ciki har da Gungawa da suka bar gonakin albasa da makwantan kakanninsu. Ƙasa ta sami wutar lantarki, an kuma gina sababbin matsugunai, amma dattawanmu har yau suna ba da labarin abin da ruwa ya shanye. Ba ma haɗa rashin gida da rashin filin ƙwallo, sai dai darasin ɗaya ne: mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma shawarar da aka yi da shi ta fi ɗorewa.

A matakin jiha, masoyin ƙwallo daga Wara ko Shanga ko Yelwa sai ya bi ta Koko da Jega, tafiyar sa'o'i, kafin ya isa Birnin Kebbi ya kalli ƙungiyar jiharsa. Wanda ke wannan wahala yana da haƙƙin a ji ta bakinsa a duk wata shawara da ta shafi makomar ƙungiyar.

A matakin ƙauye da unguwa kuwa, matsalar tana zuwa ne da wata siga. Sau da yawa mai hali kan saya wa ƙungiyar matasa riguna da ƙwallo, musamman idan zaɓe ya gabato, a wayi gari an canza mata suna zuwa nasa, bayan zaɓe kuma a neme shi a rasa. Haka nan filin da yara suka gada suna wasa a kai, idan ba shi da takarda, rana ɗaya za a ga an kafa masa turaka an yanka shi filaye ko shaguna. Wannan ita ce sayarwa da ƙaura irin tamu, kuma ta fi kusa da mu fiye da ta Landan.

Shawarwari

Na farko, ƙananan hukumomi su ƙidaya filayen wasan da ke yankunansu, a auna su, a yi musu takarda da sunan al'umma. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a yankunan karkara, na birni kuma suna hannun gwamna. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su zama shaidu, domin su suka san iyakoki.

Na biyu, duk ƙungiyar da za ta karɓi taimako ko jari, babba ce ko ƙarama, ta yi yarjejeniya a rubuce. A fayyace cewa ba za a canza suna ko launin riga ko garin da take wasa ba sai da yardar 'ya'yanta, a kuma bayyana hannun da za ta koma idan mai jarin ya janye. A binciki inda kuɗin ya fito, don kada a sayi ƙungiya da bashin da ita za ta biya.

Na uku, magoya baya su haɗa kansu cikin ƙungiya mai rajista, mai shugabanni da littafin suna da asusu. Hayaniyar gidan kallo ba ta isa teburin shawara, amma wakilai masu takarda suna isa.

Na huɗu, wanda ke son a saurare shi sai ya biya kuɗin ƙofa, ya kuma kame hannunsa daga jifa da dukan alƙalin wasa. Babu mai jarin da zai zuba dukiyarsa a filin da ake rufewa saboda tarzoma, kuma abin da ya sami Kano a 2022 da 2025 ya isa ishara. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, da jami'an wasanni da na filaye, da iyayen ƙasa, da shugabannin matasa, su zauna a kan wannan batu tun kafin mai saye ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ƙungiyar ƙwallo tana buƙatar kuɗi, wannan ba abin musu ba ne. Amma takardar fili da yarjejeniya a rubuce aiki ne da za a iya farawa a wannan shekara, ba tare da jiran wani babban kasafi ba.