Ra'ayinmu: Hali Ne Ko Sabo?

Duk wanda ya ratsa lungunan Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni bayan an ɗauke ruwan sama, ya san yadda kwatoci kan toshe da shara har ruwa ya rasa hanya ya faɗa gidajen mutane. In ka yi magana, amsar ɗaya ce: "Ai halinmu ne, hali kuwa zanen dutse." A namu ganin, an ɗora wa kalmar nan kayan da ba nata ba.

Hali da ɗabi'a da al'ada duk daga Larabci muka aro su. Amma Bahaushe yana da tasa kalmar, watau sabo. Sabo shi ne abin da mutum ya yi ta maimaitawa yau da gobe har ya zame masa jiki, ya daina ganin aibinsa. Ba a haifi kowa da shi ba. Shi ya sa magabata suka ce sabo turken wawa. Turke kuwa hannu ne ya kafa shi, hannu ne kuma ke tumɓuke shi. Wanda ya zauna a ɗaure alhali yana iya kwance kansa, shi ne wawan.

Wannan bambanci ba na malaman harshe kaɗai ba ne. Wanda ya kira zubar da shara a kwata hali, ya riga ya fid da rai ga gyara. Wanda ya kira shi sabo, ya yarda alhakin yana wuyansa.

Sai dai sabo ba ya jin bulala. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, jama'a suka shiga bin layi ala tilas. Da aka hamɓarar da ita a Agustan 1985, da yawa suka koma gidan jiya, domin tsoro ne ya riƙe su. Tsohon sabo ba ya fita sai an kafa wani nagari a gurbinsa.

Saboda haka muke kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai da waɗanda suka fara aikin gwamnati. Mai shiga aji a makare yau, shi ne mai zuwa ofis ƙarfe goma gobe. Mai satar amsa yau, shi ne mai danne takardar talaka sai an ba shi na goro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowannenmu ya dubi nasa turken tun bai yi saiwa ba.

Allah Ya ba mu ikon gyarawa, amin.